Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabar Majalisar Birnin Manchester Kan Tarihin Unguwar Gorton

Zuwa ga Mai Girma Kansila Bev Craig, Shugabar Majalisar Birnin Manchester.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto miki wannan wasiƙa a matsayina na mazaunin Gorton, wanda ya shekara fiye da goma a unguwar, 'ya'yansa kuma a makarantunta suke karatu. Da Hausa na rubuta ta, domin 'yan uwana Hausawa mazauna wannan birni su karanta su san abin da nake roƙo game da adana tarihin unguwar, wanda ya gamsu ya sa baki. Fassararta ta Turanci za ta iso ofishinki.

Zan fara da sunan titi ɗaya, wato Garratt Way, inda kasuwar Gorton take, inda kuma majalisarku ta buɗe cibiyar Gorton Hub a 2022, aka haɗa ɗakin karatu da wurin ganin likita da ofishin neman aiki a ƙarƙashin rufi guda. Ranar da na fara ganin allon titin nan sai da na ja na tsaya, saboda sunan ba baƙo ba ne a kunnena. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin reluwe a loko na Minna tun yana saurayi, aikinsa zuba kwal a wutar kan jirgi, kuma har ya tsufa bai daina ba mu labarin wani kan jirgi da suke kira Garat ba, mai inji biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, wanda ke jan taragun da sauran ba sa iya ɗauka. Yakan ce a jikinsa akwai wani faranti na tagulla mai rubutun boko, wanda suke gogewa har ya yi ƙyalli ba tare da sun san abin da aka rubuta ba. Sai da na zo nan na gane cewa abin da ke jikin farantin shi ne sunan kamfanin Beyer, Peacock da sunan Gorton da na Manchester. Ashe ƙarfen da mahaifina ya ci abinci da shi, a unguwar da Allah ya kawo jikokinsa aka ƙera shi.

Kin fi ni sanin tarihin birninki, amma ki yi mini izini in maimaita wani ɓangarensa domin masu karatu, da kuma domin roƙona ya sami tushe. Gorton ƙauye ne na manoma da masu saƙar hannu a cikin gundumar Lancashire, a gefen rafin da ake kira Gore Brook. Masana sunayen wurare sun ce sunan ya fito ne daga tsohon Turanci, ma'anarsa gona ko ƙauye mai taɓo, duk da cewa mutanen gari sun fi son labarin da ke cewa jinin wani tsohon yaƙi ne ya ba rafin suna. A 1797 aka buɗe reshen hanyar ruwa ta kwale-kwalen kaya da ta ratsa ƙauyen zuwa Stockport, a wajajen 1825 kuma aka gina tafkunan da suka riƙa shayar da Manchester, waɗanda har yau muke zagayawa da yara a gefen lambun Debdale. Jirgin ƙasa ne dai ya sauya wa ƙauyen kama gaba ɗaya. A 1848 kamfanin jirgin ƙasa na Manchester da Sheffield da Lincolnshire ya buɗe ma'aikatarsa da mutane ke kira Gorton Tank, a ƙarƙashin injiniya Richard Peacock. A 1854 Peacock ya bar wannan aiki, ya haɗa hannu da Charles Beyer da Henry Robertson, suka kafa tasu masana'antar a ɗaya gefen layin dogo.

Daga 1854 zuwa 1966 wannan masana'anta ta ƙera kawunan jirgi kusan 8,000, akasarinsu kuma ƙasashen waje aka kai su. Wanda ya fi fice shi ne ƙirar da Herbert William Garratt ya yi wa rajista a 1907, aka fara ƙera ta a Gorton a 1909 domin tsibirin Tasmaniya. Hikimar ƙirar ita ce an rataye tukunyar tururi a tsakiya, tsakanin injuna biyu masu ƙafafunsu daban-daban, tankin ruwa a kan na gaba, kwal a kan na baya, ta yadda kan jirgin zai iya lanƙwasa a kwana mai tsanani, nauyinsa kuma ya rarrabu a kan ƙafafu masu yawa, layin dogo marar ƙwari ya iya ɗaukarsa. Wannan shi ya sa ya dace da layukan Afirka, waɗanda Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa cikin tsimi domin kwashe gyaɗa da auduga da kuza zuwa bakin teku. Reluwen Najeriya ya sayi irinsa a shekarun 1930, na Sudan ma haka. Ban ɓoye wannan gefen labarin ba, kuma ba na so a ɓoye shi: albashin maƙeran Gorton da gumin leburorin ƙasashenmu igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma ya kamata yaran unguwar nan, farare da baƙaƙe, su ji labarin da dukkan fuskokinsa.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihin Gorton shi ne, baƙi ne suka gina ta. Beyer Bajamushe ne, ɗan masaƙa daga garin Plauen, ya zo Manchester yana saurayi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Peacock daga Yorkshire ya fito. Sufayen Kirista na ɗariƙar Waliyyi Faransis da suka sauka a 1861 daga Beljiyam suka zo, kuma talakawan da suka cika majami'arsu akasari 'yan ci-rani ne daga Ayilan waɗanda yunwa da neman aiki suka koro. Da hannun sufayen da na mabiyansu aka ɗora tubalan babbar majami'ar da E. W. Pugin ya zana, wadda aka buɗe a 1872. Masu masana'antar su ma ba su tsaya ga riba kaɗai ba, domin Peacock ne ya biya kuɗin gina majami'ar Brookfield da ke kan titin Hyde, inda kabarinsa yake, shi ne kuma ɗan majalisar dokoki na farko da ya wakilci Gorton daga 1885 har rasuwarsa a 1889. Beyer ya zuba dukiyarsa wajen gina majami'ar St Mark a Gorton ta Yamma, kuma a wannan majami'a ce aka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa a 1880, wadda ta sauya suna zuwa Ardwick a 1887, sannan ta zama Manchester City a 1894. Akwai samari a Kano da Maraɗi da Kumasi da ke kwana suna gardama a kan wannan ƙungiya, ba su san cewa daga wani lungu na ma'aikatan ƙarfe ta fito ba. Abin da ya fi damuna shi ne, yaran da ke zaune a kan lungun ma da yawansu ba su sani ba.

A 1890 aka shigar da Gorton ta Yamma cikin birnin Manchester, sauran yankin kuma ya biyo baya a 1909, ƙauyen ya zama unguwa. Dattawan da nake hira da su a kasuwa suna tuna zamanin da jiniyar ma'aikata ke tashin unguwa gaba ɗaya, uba da ɗa da kawu su fita tare, yaro ya gama makaranta a sa shi koyon sana'a a inda kakansa ya yi aiki. Suna tuna Belle Vue, gidan namun daji da wurin shaƙatawa da John Jennison ya buɗe a 1836, inda wata giwa mai suna Maharajah ta iso a 1872 bayan ta tako a ƙasa tun daga Edinburgh, wadda ƙasusuwanta ke gidan tarihi na Manchester har yanzu. Sai komai ya tafi cikin ƙanƙanin lokaci. An rufe Gorton Tank a 1963, Beyer, Peacock ya bi baya a 1966, gidan namun dajin ya rufe a 1977, aka rushe layukan tsofaffin gidaje aka watsa maƙwabtan da suka yi shekaru suna cuɗanya. Masana'antar kwamfuta ta Ferranti, wadda daga baya ta koma hannun kamfanin ICL, ta riƙe wasu na ɗan lokaci, ita ma ta tafi. A 1989 sufayen suka rufe majami'arsu saboda mabiya sun ƙaura, ɓarayi da 'yan ɓarna suka far mata, har a 1997 aka sa ta cikin jerin wuraren tarihi 100 na duniya da suka fi fuskantar barazanar salwanta.

Yadda aka ceto wannan gini shi ne hujjata mafi ƙarfi a gabanki. Mutanen unguwa ne da masu aikin sa kai suka kafa gidauniya a 1996, suka yi shekaru suna neman tallafi, har aka sake buɗe shi a 2007, yanzu kuma ana taro da biki a cikinsa, kowa da addininsa yana shiga. Ni Musulmi ne, amma na shiga na ɗaga kai na dubi rufin nan, na ji girman aikin da matalauta suka yi da hannunsu. Ginin ya tsira domin ana iya ganinsa, ana iya ɗaukar hotonsa a nuna wa masu ba da tallafi. Abin da ke cikin kawunan dattawa kuwa babu mai ganinsa, kuma shi ne yake tafiya a kullum. Yaron da ya shiga koyon aiki a Beyer, Peacock a shekarar ƙarshe, yau ya haura shekara 70. Wani maƙwabcina da ya yi aiki a can, wanda ya fara nuna mini inda ƙofar masana'antar take, ya rasu ba tare da an naɗi muryarsa ba, kuma duk lokacin da na wuce ƙofar gidansa sai na tuna tambayoyin da ban yi masa ba.

Saboda haka, ranki ya daɗe, babban roƙona shi ne majalisarki ta ɗauki nauyin naɗar muryoyin tsofaffin ma'aikatan Gorton da matansu da 'ya'yansu tun ana da sauran lokaci, kuma a sa ɗaliban makarantun unguwar su ne za su yi tambayoyin, bayan an koya musu yadda ake yi. Na dage a kan ɗaliban ne da dalili. Yau a ajin 'yata akwai yaran da iyayensu suka fito daga Najeriya da Gana da Somaliya da Pakistan da Romaniya, tare da jikokin maƙeran da, kuma ba kasafai iyayen waɗannan da na waɗancan suke zama wuri guda ba. Wasu tsofaffin mazauna suna ganin an ƙwace musu unguwa, wasu sababbin kuma suna zaune kamar matafiya a tasha, jikinsu a nan, hankalinsu a gida. Idan yarinya 'yar Hausawa ta zauna gaban dattijon da ya ɗaura ƙafafun Garat, ta ce masa kakanta ya zuba wa irin wannan jirgi kwal a Minna, ina da yaƙinin cewa abin da zai shiga tsakaninsu ya fi abin da kowane taron wayar da kai zai iya haifarwa.

Ina kuma roƙon a ware wani sashe na dindindin a ɗakin karatun da ke Garratt Way domin waɗannan muryoyi da hotuna. Gidan tarihin kimiyya da masana'antu da ke tsakiyar birni yana riƙe da takardu da zane-zanen kamfanin Beyer, Peacock, da wani ƙaton Garat da ya yi aiki a Afirka ta Kudu aka dawo da shi gida. Wannan abin yabo ne, sai dai uwar da ke aikin dare a gidan kula da tsofaffi ba ta da sararin kai 'ya'yanta can, alhali kasuwa da likita suna kawo ta Garratt Way kowane mako. Kwafin zane-zanen da taswirar ƙasashen da jiragen suka je sun isa a fara da su, a kuma rubuta bayanin cikin harsunan da ake ji a titunan unguwar. A hanyar tarihi da ke bin rafin Gore Brook ma ana iya ƙara alluna irin waɗannan.

Na san aljihun majalisa ba shi da zurfi a wannan zamani, kuma gidaje da kula da marasa ƙarfi sun fi gaggawa. Ban zo in ce a rage musu ko kwabo ba. Abin da nake nema ma'aikaci ɗaya ne mai haɗa kan makarantu da ɗakin karatu da ƙungiyoyin tarihi na unguwa, da 'yan na'urorin naɗar murya, da bango guda. Mu ma ba za mu zo hannu rabbana ba. Ni da wasu iyaye mun shirya yin fassarar Hausa kyauta, kuma a wajen 'yan uwana a gida akwai hoton mahaifina tsaye a gefen kan jirginsa da shebur a hannu, wanda na riga na aika a kawo mini. Idan ofishinki ya sa rana, za mu zo da shi mu zauna da jami'anki a ɗakin karatun.

Allah ya taya ki riƙo, ya ba birninmu zaman lafiya.

Naki cikin girmamawa,
Wani mazaunin Gorton, Manchester.