A Ware wa Matasan Jigawa Ɗan Jarin Ƙera Gem

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga Gwamna Malam Umar Namadi, da 'yan majalisar dokokin Jihar Jigawa, da masu hannu da shuni na masarautunmu biyar, a kan wata sana'a da na san yawancin dattawanmu ba su lissafa ta cikin sana'o'i. Ina nufin ƙera wasannin waya da na kwamfuta, abin da yaranmu ke kira gem.

Ni malamin sakandare ne a karkara, darasin kwamfuta nake koyarwa. Kowa ya san yaranmu suna buga gem. Da wuya ka shiga gari mai kasuwa ba ka tarar da rumfar caji ba, ko shagon da ake tayar da janareta matasa su biya kuɗi su buga ƙwallo a PlayStation. Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, a cikin waɗannan yaran akwai masu ƙerawa da kansu. Wasu tsofaffin ɗalibaina sun haɗa kai, ɗaya na zane, ɗaya na rubuta manhaja, ɗaya na haɗa sauti, suka sa dara a cikin waya. Na buga ta da hannuna, tana aiki, har tana cin mutum idan ya yi sake. Da kwamfutar aro suka yi ta, a daren da aka samu wuta. Aikin bai kai ƙarshe ba. Mai rubuta manhajar ya tafi Kano yana tuƙa A Daidaita Sahu, mai zanen ya tafi ci-rani, domin gidajensu ba za su iya ciyar da baligi wata shida yana zaune gaban allon kwamfuta ba tare da ya shigo da ko sisi ba. Basira ba ta gaza musu ba. Abinci da lokaci suka rasa.

A nan ne maganar tallafi ta shigo, kuma ina so mai karatu ya fahimci inda kuɗin ke shiga. Kayan aikin ƙera gem yau kusan kyauta ne. Manhajar Godot kyauta ce, Blender da ake zane mai siffa da ita kyauta ce, Unity ma ba ta karɓar komai a hannun ƙananan masu farawa. Rajistar saka wasa a Google Play dala 25 ce, sau ɗaya tak, ta Apple dala 99 a shekara, Steam kuwa, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, dala 100 kan kowane wasa. Abin da ke cin kuɗi shi ne kwamfuta mai ƙarfi, da sola, da data, sannan uwa uba abin da mutum uku ko huɗu za su ci har su gama samfurin farko, wato ɗan guntun wasan da za a iya riƙewa a buga na minti goma ko ashirin. Babu kamfanin da ke fitar da wasanni, babu mai zuba jari, da zai saurari labarin baki. Wanda ya taɓa kai riɗi Dawanau ya sani, sai dillali ya zuba samfuri a tafin hannu ya duba kafin a fara ciniki. Banki kuma ba ya ba da rance a kan tunani, jingina yake nema. Saboda haka tsakanin tunani da samfuri akwai rami, kuma a cikinsa yawancin ƙananan kamfanoni ke mutuwa, a nan da ko'ina a duniya.

Ƙasashen da suka gane haka sun cike ramin da kuɗin gwamnati. Birtaniya ta kafa asusun UK Games Fund a 2015, wanda ya fara da ba ƙananan kamfanoni tallafin da ya kai fam 25,000 domin su ƙera samfuri su kai wa masu zuba jari. Tallafi ne, ba rance ba, kuma manufarsa a biya mutanen da ke zaune suna aikin. Suna da wani shiri daban mai suna Tranzfuser na waɗanda suka gama jami'a, inda ake ba ƙungiya ɗan kuɗi kaɗan ta yi aikin 'yan watanni, sannan ta tsaya gaban alƙalai ta nuna abin da ta yi, waɗanda suka fi a ƙara musu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda aka ajiye ofishin asusun. Ba a Landan yake ba, a Dundee yake, wani matsakaicin gari a Sikotilan mai mutane kusan 150,000. A garin ne wani ƙaramin kamfani ya ƙera Grand Theft Auto na farko a 1997, a shekarar kuma jami'ar garin, Abertay, ta buɗe digirin ƙera gem. Ba ina yabon abin da ke cikin wancan wasan ba, akwai abubuwan da ba zan so ɗana ya gani ba a ciki. Ina nuna cewa garin da ba babban birni ba ya zama cibiyar sana'a saboda an dasa makaranta da jari a wuri ɗaya. Jamus ta bi sahu a 2019 da Yuro miliyan 50 a shekara. Faransa ma tana da nata asusun a ƙarƙashin hukumar fina-finanta.

Kada a ce wannan sai Turai. A Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun yi fama da ɗauke wuta irin tamu, suka tara kusan Yuro 50,000 ta Kickstarter, shafin tara gudummawar jama'a a intanet, a 2015, suka fitar da wasansu Aurion a 2016 aka saya a ƙasashen waje. A Legas, kamfanin Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a 2012 ya kai ga yin wasa tare da Disney, kuma tun 2021 yake horar da matasa ta shirin GameUp Africa da haɗin gwiwar Google.

Za a ce mini ai Najeriya ma ba ta rasa shirye-shirye ba. Gaskiya ne. A watan Maris na 2023 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da shirin iDICE na sama da dala miliyan 600 domin matasa masu sana'ar fasaha da ƙirƙira, da kuɗin Bankin Raya Afirka da hukumar raya ƙasashe ta Faransa da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, Bankin Masana'antu ke gudanar da shi. Kafin nan, a watan Oktoba na 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar ƙananan kamfanonin fasaha, wadda ta tanadi asusun jari na aƙalla naira biliyan 10 a shekara. Gidauniyar Tony Elumelu tana ba da dala 5,000 ga masu fara kasuwanci tun 2015. Duk alheri ne, ban raina ko ɗaya ba. Amma a tambayi wa aka ɗinka wa rigar. Dokar kamfanonin fasaha tana son kamfani mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Manyan asusai suna son lissafin kuɗi na shekaru da takardar tsarin kasuwanci cikin Turanci mai santsi. Yaron da ke Garki ko Gagarawa ko Birniwa, wanda zai iya rubuta manhaja amma harshensa ke sarƙewa idan aka ce ya yi jawabi da Turanci ta bidiyo, an kayar da shi tun bai shiga fili ba. Shirin Babban Bankin Najeriya na 2019 na masana'antar ƙirƙira kuwa rance ne mai kuɗin ruwa, kuma kowa ya san iyaye da yawa a nan ba za su bar ɗansu ya sa hannu a takardar riba ba, shi ma yaron ba zai so ba. Ban da haka, ɗora wa matashi bashi a kan aikin da tun farko an san yana iya faɗuwa zalunci ne.

Abin da nake roƙo ƙarami ne idan aka gwada shi da kasafin jiha. A ware, a ce, naira miliyan 100 a shekara. A fara da gasar kwana biyu a Kazaure, da Dutse, da Haɗejia, da Gumel, da Ringim, irin wadda ake yi a duniya kowane watan Janairu mai suna Global Game Jam, inda ake ba matasa sa'o'i 48 su ƙera ɗan wasa. A ba su wuta da intanet da abinci. Daga nan a zaɓi ƙungiyoyi goma, a ba kowace abin da zai riƙe ta wata shida, a biya kashi-kashi, ba a sakin kashi na gaba sai an ga aikin kashi na baya yana motsi a waya. Fom ɗin ya kasance da Hausa da Turanci. Alƙalai su zama masu sana'ar, ko da daga Legas ko Kano za a gayyato su, kuma su yi hukunci da abin da suka buga da yatsunsu. Rajistar CAC ta zo bayan an ci, asusun ya biya. Waɗanda suka gama samfuri a koya musu yadda ake tsayawa gaban mai jari a yi bayani cikin minti biyar, a biya musu kuɗin mota da masauki zuwa inda masu jarin ke taruwa. Idan wani wasa ya nuna alamar kasuwa, sai attajiranmu su shigo da mudaraba ko musharaka, a raba riba a raba asara, yadda addini ya halatta.

Sai sharaɗi ɗaya da in babu shi gara kada a fara: kada a raba gurbin ta hannun 'yan siyasa. Mun ga yadda wasu shirye-shiryen tallafa wa matasa ke ƙarewa, a raba kaya ranar biki a ɗauki hoto, washegari kayan na kasuwa. A buga sunayen ƙungiyoyin da suka ci, a saka wasanninsu inda kowa zai sauke ya gwada. Gem ba ya ɓoyuwa. In an yi, yaro ɗan shekara goma zai gane, in ba a yi ba ma zai gane.

Jigawa ba baƙuwar wannan fage ba ce. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, a farkon shekarun 2000, aka kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su san inda aka dosa ba. Yau muna da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da jami'ar fasaha a Babura, da kwalejojin kimiyya da fasaha a Kazaure da Haɗejia. Shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗejia ne. Muna yaye yara masu ilmin kwamfuta kowace shekara, sannan mu bar su suna sayar da data da cire wa mutane kuɗi a POS.

Na san damuwar iyaye da malamai, kuma damuwa ce ta gaskiya. Suna ganin yaro ya manta da salla da karatu a kan waya, suna ganin shagunan caca sun cika gari, sai su haɗa komai a kwando ɗaya. Caca daban, ƙera wasa daban, kuma ya kamata dokar asusun ta faɗa ƙarara cewa ba za a tallafa wa wasan da ke da caca ko batsa ba. A kuma shigo da malamai da sarakuna tun ranar farko, a nuna musu abin da ake nufi. Mu tuna abin da ya faru a 2016, da gwamnatin tarayya ta yi shirin gina ƙauyen fina-finai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a Jihar Kano. Ba a zauna da jama'a an fahimtar da su tun da wuri ba, aka yi ca a kai, aka soke aikin. Wanda ya goyi bayan sokewar da wanda bai goya ba, duk za su yarda cewa shawara ta zo a makare. Yaranmu kuwa suna nan suna buga wasannin da wasu suka ƙera da harshensu da al'adarsu, ko mun so ko mun ƙi.

Abin ƙerawa kuma bai yi mana kaɗan ba. Ga dara, ga langa, ga carafke, ga kokawa, ga dambe wanda yanzu mutanen ƙasashen waje ke kallo a intanet. Ga hawan salla. Ga fadamar Haɗejia da Nguru da tsuntsayen Baturiya da ke tasowa daga Turai kowace shekara, ga zanen duwatsun Birnin Kudu, ga kasuwar dabbobi ta Maigatari, inda za a iya gina wasan ciniki da zai koya wa yaro lissafi bai sani ba. Ni abin da na fi buri shi ne wasan da zai koya wa ɗan aji ɗaya karatun Hausa da boko da ajami, wanda ke aiki a ƙaramar waya ba tare da data ba, domin ina ganin yaran da ke zuwa mana sakandare ba su iya haɗa baƙi ba. Kuma a ware wa 'yan mata gurbi. Aiki ne da mace za ta yi a ɗakinta, kafin aure da bayansa, musamman zane da rubuta labari.

Ba zan yaudari kowa ba, a cikin wasanni goma watakila ɗaya ko biyu ne za su kawo kuɗi, kuma mutanenmu ba su saba sayen manhaja da katin banki ba, dole a nemi hanyar talla ko biya da katin waya ko kwangilar ma'aikatun ilmi da lafiya. Amma matashin da ya yi wata shida yana gina wasa tare da abokan aiki, ya cika alkawari a kan lokaci, ya tsaya ya kare aikinsa gaban alƙalai, ya samu abin nunawa da zai nemi aikin manhaja ko zane a ko'ina yana zaune a garinsu.

Ina roƙon kwamitin majalisa mai kula da matasa da fasaha ya sa wannan a kasafin kuɗi mai zuwa. Kai kuma, ya Edita, ina roƙon ka tura wakilinka Bankin Masana'antu da NITDA ya tambayo matasan Jigawa da Kano nawa ne suka amfana da iDICE da asusun dokar 2022, a buga mana amsar da Hausa. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Wassalam.

Naka,
Malamin sakandare,
daga ƙaramar hukumar Kafin Hausa, Jihar Jigawa.