Tun Da Rubutu Ya Zame Mini Bashi Alƙalamina Ya Bushe

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Hajiya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya tare da iyali da abokan aikinki, ina sanar da ke cewa na daɗe ina sauraron wannan fili naki, kuma na lura yawancin wasiƙun da kike karantawa sun shafi aure ne da zaman kishi da tarbiyyar yara. Wannan ya sa na yi ta jinkirin rubuto miki, don gudun kada a ce na kawo ƙaramar magana inda ake warware manya. To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma nawa yoyon ya kai inda ba zan iya ci gaba da tara masa kwano ni kaɗai ba.

Ni matar aure ce, shekaruna 31, 'ya'yana uku, muna zaune a wajajen Ƙofar Sauri cikin birnin Katsina, ko da yake iyayena mutanen Daura ne. Ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare ta 'yan mata. Ban da koyarwa, ni marubuciyar labarai ce, ko kuwa in ce da can marubuciya ce, domin yau wata bakwai ke nan ban iya ƙara ko shafi ɗaya a kan littafin da nake rubutawa ba, alhali mutane sun riga sun biya kuɗinsa.

Na fara rubutu ina aji biyu a makarantar kwana. Littafin lissafina nake juyawa in fara daga baya, in shige cikin gidan sauro bayan an kashe fitila, in saƙale 'yar tocila tsakanin wuya da kafaɗa, in yi ta zuba labari har sai yatsuna sun sage. Da gari ya waye littafin zai kama yawo daga gado zuwa gado, ya dawo mini da yamma da tabon manja a gefe da ɓurɓushin garin kwaki a tsakiyarsa, wata ma ta rubuta a ƙasan shafi cewa idan na kashe wance ba za ta ƙara yi mini magana ba. Ban san ana kiran wannan abu adabi ba, ban kuma taɓa kiran kaina marubuciya ba. Abin da na sani kawai shi ne idan na kama biro sai in manta da yunwa da kewar gida, kuma nakan yi dariya ni kaɗai cikin duhu saboda wata magana da na sa wani tsoho ya faɗa. Har jarrabawar lissafi na faɗi a wannan zangon, ban kuwa ji haushi sosai ba.

A shekarar 2019 na fara sakin labaraina a Facebook da zaurukan WhatsApp, kyauta, duk ranar da na samu sarari. Na kammala littattafai biyu a haka ba tare da wata damuwa ba. Bayan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, albashin malamin makaranta kuma kin san inda ya tsaya, sai ƙawayena marubuta suka ce mini in daina wahalar banza, in mayar da littafina na uku na kuɗi kamar yadda kowa ke yi. Na sa naira 500, na buɗe zaure na musamman, mutum kusan ɗari huɗu suka biya, wasu ta banki wasu da katin waya. Ba zan yi butulci ba, kuɗin sun yi mini rana, domin da su na biya kuɗin makarantar babban ɗana na zango biyu, na kuma taimaka wa maigidana da cefane a lokacin da abubuwa suka yi masa tsauri. Kuskuren da na yi shi ne alƙawarin da na ɗauka da bakina, cewa kullum zan saki shafi ɗaya in ban da ranar Juma'a.

Hajiya, wanda bai yi ba ba zai gane nauyin wannan "kullum" ba. Akwai wani dare da ba na mantawa, wajen ƙarfe biyu, babu wuta, jaririyata tana kan cinyata tana shan nono tana zazzaɓi, ni kuma ina buga labari da babban yatsa ɗaya, cajin waya ya kusa ƙarewa, ga takardun jarrabawar ɗalibai sama da saba'in a gefen gado ban duba ko ɗaya ba. Ina cikin haka saƙo ya shigo daga wata da ban taɓa gani ba, ta ce, "Anti, yau ma shiru? Kuɗinmu fa muka biya, ba alfarma kike mana ba." Ban ga laifinta ba, gaskiya ta faɗa. Amma a daren nan na gane cewa abin da nake yi a gidan sauro don jin daɗi ya koma bashi, ni kuma na koma mai gudun masu bin bashi, har idan na ji ƙarar shigowar saƙo gabana ke faɗuwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba gajiyar ba ce. A cikin labarin akwai wata uwargida da na gina da hannuna, mace mai kawaici wadda take da dalilanta na yin abin da take yi, kuma niyyata ita ce mai karatu ya fara da ƙin ta ya ƙare da tausaya mata. Sai masu karatu suka taso ta a gaba, kullum sharhinsu shi ne a tona mata asiri, a wulaƙanta ta, amarya ta yi nasara. Na lura duk ranar da na kunyata ta sharhi yakan ninka, duk ranar da na tsaya nuna halin da zuciyarta ke ciki sai a ce labarin ya yi sanyi. A hankali na bi su. Na kai ta gidan boka, abin da matar da na sani a raina ba za ta taɓa yi ba, na sa aka kama ta a gaban dangin miji, aka yi mata tas. Zauren ya kaure da murna a ranar, ni kuwa na ajiye waya na ji kamar na yi wa wata baiwar Allah ƙazafi, duk da cewa ba ta wanzu a ko'ina ba sai a kaina. Na ja labarin da ƙyar zuwa shafi na 62, daga nan ya tsaya cak. Idan na zauna in ci gaba sai in ji mutanen cikinsa sun yi mini shiru, kamar baƙin da aka ɓata wa rai suka ɗauke ƙafa.

Na gwada dabaru. Na tsara jadawali na liƙa a bango, na kashe data na mako biyu, na canza lokacin rubutu daga dare zuwa bayan sallar asuba. Na ce ko gasa za ta zaburar da ni, sai na zauna rubuta gajeren labari don Hikayata, gasar da Sashen Hausa na BBC ya fara shirya wa mata a 2016, amma kalmomi dubu da 'yan kai suka gagare ni, ni da nake buga fiye da haka a dare ɗaya, har wa'adi ya wuce ban aika komai ba. Surukata ta ce kambun baka ne, ta aiko mini da rubutu a gora, na kuwa sha da bismilla, ina murmushin yadda ake ba ni rubutu in sha don rubutu ya dawo.

Maigidana, wanda shi ma malamin makaranta ne, yana ganin raki ne kawai. Hujjarsa ita ce matsi ba ya kashe basira, yakan ce ai Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta nan Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, kuma don gasar da aka shirya a 1933 ya rubuta shi, da wa'adi da komai, yana ɗan shekara 22, ga shi har gobe ana karanta shi. Nakan ce masa gasa daban, tsayuwar mutum ɗari huɗu a kanka kowane dare suna faɗa maka yadda za ka yi da mutanen labarinka daban. Sai ya ce to in bar rubutun gaba ɗaya in huta, tunda ba shi ne aikina ba. Babbar ƙawata kuma, wadda take sakin littafi uku a shekara, ta ce in daina sa zuciya a ciki, sana'a ce kamar tuyar ƙosai, abin da mai saye ke so shi ake soyawa. Duka biyun na san don Allah suke faɗa mini, amma babu wadda ta zauna mini, domin ba na son barin rubutu, kuma ba na son ya zama ƙosai.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro na rubuto miki. A Sallar Gani da ta wuce mun je Daura, kuma yayin da yara suka tafi kallon hawa ni na zauna a ɗakin kakata, wadda ta haura shekara tamanin. Hira ta kai mu ga wani tsohon mazari da na gani cikin kwallarta, sai ta shiga ba ni labarin yadda suke kaɗi suna amare: a gurje auduga a fitar da angurya, a shiɓe ta, a dangwali alli da yatsa, a murza mazari, zaren arafiya daban na abawa daban, kuma da kuɗin zaren ta sayi akuyarta ta farko ba tare da kakanmu ya sani ba. Daga nan ta gangaro kan farin 1973, yadda mutane suka riƙa kwararowa daga arewa da shanu ƙashi da fata, da wata mata da ta sauka a zaurensu da goyo ta kwana uku ba ta faɗi sunanta ba. Ban san lokacin da na jawo littafin ɗana na makaranta na juya bayansa ba. Na rubuta shafi huɗu, ba tsari, ba tunanin wanda zai karanta, na ba matar nan suna, na ƙirƙira mata garin da ta fito, ban farga ba sai da na ji kiran sallar la'asar. Wallahi Hajiya, daɗin nan na gidan sauro shi ne ya dawo mini, har hannuna yana rawa.

Tun daga ranar nake da wani littafi da na ɓoye a ƙarƙashin kayan sawata, ya kai shafi talatin yanzu, ko maigidana bai san da shi ba. Ina rubutu a ciki ranar da na ga dama, wani lokaci layi biyar, wani lokaci shafi uku. Sai dai abu biyu suna dagula mini shi. Da zarar zuciyata ta raya mini cewa wannan fa zai yi littafi mai kyau, a buga shi ko a sayar, sai hannuna ya sandare kamar yadda yake yi a wancan. Sannan duk lokacin da nake jin daɗin wannan rubutu na ɓoye sai in ji kamar mai cin nama a ɗaka alhali masu bin sa bashi suna zaune a zaure.

Don haka nake neman shawararki, da ta malamai da marubutan da ke sauraron wannan fili. Mene ne ya wajaba a kaina game da mutanen da suka biya? Kuɗin sun riga sun shige cikin hidimar gida, waɗanda suka biya da kati kuma ba ni da cikakken lissafinsu, wasu ma sun fice daga zauren cikin fushi. In daure in ƙarasa musu labarin ko ta halin ƙaƙa, ko da na san ƙarshen da zan yi masa ba na gaskiya ba ne, shin na sauke haƙƙi ke nan, ko kuwa na sayar musu da abin da ni kaina ban yarda da shi ba? Ko in fito in ba su haƙuri, in gaya musu cewa na karkatar da labarin, in nemi su bar ni in koma baya in gyara uwargidan nan a kan lokacina, wanda bai yarda ba in riƙa mayar masa da kuɗinsa kaɗan-kaɗan daga albashi? Ina jin kunyar wannan, amma idan shi ne daidai zan yi.

Ina kuma so in ji ra'ayinki a kan littafin ɓoyen. Mace mai 'ya'ya uku da aikin gwamnati ta ware awa guda tana rubuta abin da wataƙila babu wanda zai taɓa karantawa, shin ɓata lokaci ne da son kai, ko kuwa abu ne da ya halatta ta yi wa ranta? Idan kuma wata rana na so komawa ga masu karatu, domin ba zan ɓoye miki ba, ina kewar jin an ce labarina ya taɓa zuciyar wani, ta wace hanya zan koma ba tare da na sake miƙa musu linzamin ba? Akwai marubutan da suka iya karɓar kuɗi kuma daɗin bai gudu ba? Idan akwai, ina roƙon su faɗa mini yadda suke tsara alƙawarinsu da masu karatu, ko sai sun kammala littafi suke fara sakinsa, da yadda suke yi da sharhi idan ya fara ja musu hannu.

Ina roƙon ki sakaya sunana, domin da yawa daga cikin masu bin nawa bashi 'yan Katsina ne kuma suna sauraron ki, har da wasu tsofaffin ɗalibaina. Idan lokacin shirin ba zai isa a taɓa duka ba, don Allah ki fara da maganar bashin, ita ce ke hana ni barci.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira.

Taki mai sauraro a kullum,
Wata malama daga Ƙofar Sauri, Katsina.