Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya da sauran 'yan uwa mambobi.

An gudanar da tarukan wata-wata a Agege da ke Legas kamar yadda aka saba, sai dai mahalarta ba su da yawa.

Aikin da ya fi faranta mana rai a bana shi ne ranar horaswa kan gyaran ɗaki domin rage zafi. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, sannan aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A (waɗanda aka yi wa alƙawarin wuta aƙalla awa 20 a rana) zuwa naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, kowa ya san abin da janareto da fanka suke ci a gidansa. Saboda haka muka zaɓi ɗakin wani mamba, aka shafa wa kwanon rufinsa farin fenti, aka shimfiɗa abin tare zafi tsakanin kwano da silin, aka kuma fasa taga ta biyu daura da ta farko domin iska ta riƙa ratsawa. Birkiloli da kafintoci sun zo daga Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, wasunsu ma sun bar aikin kuɗi saboda wannan rana. Bayan sallar azahar, lokacin da kwano ya ɗauki rana sosai, dattawa suka shiga ɗakin maƙwabci sannan suka shiga wanda aka gyara, kuma babu wanda ya nemi ƙarin bayani. An kuma sanar da matasan magina cewa tun 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idojin gini mai tsimin makamashi, waɗanda suka taɓo girman tagogi da inuwarsu da kare rufi daga zafi. Allah Ya saka wa matan da suka ciyar da jama'a da aljihunsu.

Game da injin matse bulon jar ƙasa, irin wanda cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa (NBRRI) mai ɗakunan bincike a Ota ta Jihar Ogun take ƙerawa, mun ji ƙorafin da ake yi cewa kwamiti ya yi shiru. Ba sakaci ba ne. Wannan bulo yana buƙatar siminti kaɗan domin ya jure damshin Legas, kuma farashin siminti ya tashi bayan mun gama lissafi; jar ƙasar ma sai an yi hayar tifa ta kawo ta daga nesa. Ɗakuna biyun da muka fara don gwaji suna nan a matakin harsashi, kuma kwamiti ya ƙi cin bashi da sunan ƙungiya domin ya ƙarasa su.

Tushen matsalar dai kuɗin wata ne. Mafi yawan mambobi ba su biya ba, kuma abin takaici, wasu daga cikin masu yawan tambayar ina aka kwana a zauren WhatsApp suna cikin waɗanda ma'aji ya gaji da bi shago-shago. Wanda haya ta yi wa nauyi mun fahimce shi, amma ya zo ya faɗa da bakinsa.

Ma'aji zai riƙa zama a ofis kowace Juma'a bayan sallah domin karɓar bashin baya, kuma za a karanta sunayen waɗanda ba su biya ba a babban taro mai zuwa, kafin a sake tattauna batun injin.

Sakataren ƙungiya