Amsa ga Matashin da Ya Yi Tambaya kan Gadon Matar Babansa

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar Juma'a bayan karatu a unguwar Aboabo, a nan Ghana, ka miƙe cikin jama'a ka yi tambaya, lokaci ya ƙure ban amsa ba. Ka ce mahaifinku ya rasu bai bar wasiyya ba, ya bar gida ɗaya, da ku 'ya'yansa, da matarsa wadda ba ita ta haife ku ba, da ɗanta da ta zo da shi. Baffanninku sun ce tana fita takaba ta kwashe kayanta. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri.

Baffanninku ba su da gaskiya. Wannan baiwar Allah matar mamaci ce, kuma da aure take gado, ba da haihuwa ba. Suratun Nisa'i, aya ta 12, ta yanka mata kashi 1 cikin 8 tunda akwai 'ya'ya, abin da muke ce wa tumunin takaba. Da matan biyu ne ko huɗu, shi ɗin dai za su raba.

Dokar Ghana ma ta fi haka ba ta. Tun 1985 aka yi dokar gadon wanda ya mutu ba wasiyya, wadda lauyoyi ke kira PNDCL 111, kuma ba ta ware Musulmi ba. Ta ce kayan amfanin gida na mata da 'ya'ya ne. In gida ɗaya ne, nasu ne su duka, a haɗe. Sauran dukiya a kasa 16: mata 3, 'ya'ya 9, iyayen mamaci 2, sauran 2 a bi al'ada. Ka lura, ba ta fifita namiji a kan mace ba. Gyaran da aka yi mata a 1991 kuma ya mai da korar mata ko ɗa daga gidan kafin rabo laifi. Wanda ya fitar mata da akwati tsakar gida ya sa kwaɗo a ƙofa, kansa ya jawo wa.

Na san a zango an fi son a kira malamai a raba a gida, ni ma haka nake so. Amma sai kowa ya yarda da zuciya ɗaya. Ranar da ɗaya ya ji an cuce shi ya nufi kotu, alƙali dokar ƙasa zai buɗe. Kuɗin banki ma ba za ku taɓa ba sai da takardar izini daga kotu.

Maganar yaron ce mai wuya. A shari'ar Musulunci agola ba ya gadon mijin uwarsa, gadonsa yana gidan ubansa. Dokar ƙasa ma ba ta ba shi don kawai an auri uwarsa ba, sai dai tana lissafa wanda mamaci ya ɗauka a matsayin ɗansa, kuma wannan sai da shaida: wa ya biya kuɗin makaranta, sunan wa ke takardunsa.

Da mahaifinku ya yi masa wasiyya cikin sulusi da an huta. Tunda bai yi ba, ku da kuka ci tuwo kwano ɗaya da shi ku cire masa wani abu daga rabonku, aya ta 8 ta Suratun Nisa'i ta kwaɗaitar da irin haka. Ku rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu, har da 'yan'uwanku mata da ke gidan aure.

Wassalam.