A koya wa ɗalibai lissafin bekta a kalkuleta, amma bayan sun zana

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana malaman lissafi da kuma iyayen yara, musamman na unguwanninmu na Zango a nan Kumasi, a kan wani abu da ya daɗe yana damuna a ajin da nake koyarwa da yamma a Aboabo. Kusan duk ɗalibin babbar sakandare da ke shirin jarrabawar WASSCE yana riƙe da kalkuleta ta kimiyya, wadda iyayensa suka sha wahala kafin su saya, amma da wuya ka sami wanda ya san tana lissafin bekta, wato adadi mai girma da alƙibla tare, kamar ƙarfin turi ko tafiyar jirgi cikin iska.

A Casio fx-991ES PLUS, wadda na fi gani a hannun ɗalibaina, shiga aikin ba shi da wuya. Ana danna MODE sannan 8, a zaɓi VctA, wato ma'ajiyar bekta ta farko, a nuna ko lambobi biyu ne ko uku, a shigar da su, daga nan kuma SHIFT da 5 ke kirawo duk abin da aka ajiye. Inda yara ke tuntuɓe shi ne wajen ninki. Idan bekta ta farko 1 da 2 ce, ta biyu kuma 3 da 4, ninkin da aka fi tambaya yana ba da 11, domin 1 sau 3 a haɗa da 2 sau 4 ke nan, kuma ana samunsa ne ta Dot, lamba ta 7 a jerin. Yaron da ya danna maɓallin sau na kullum zai ga 0, 0 da −2, wanda wani ninki ne dabam, kuma na sha ganin an kwafe shi a takarda ba tare da ko ɗar ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗalibata mai ƙwazo ƙwarai. Na ba su tambaya cewa mutum ya yi tafiyar kilomita 3 gabas, sannan kilomita 4 arewa, a nemo nisansa da alƙiblarsa daga inda ya tashi. Ta danna Pol, maɓallin da ke fitar da nisa da kusurwa, ta shigar da 3 da 4, allon ya nuna mata 5 da 53.13, sai ta rubuta kilomita 5 a kan 053°. Nisan daidai ne, amma alƙiblar 037° ce. Da na nuna mata, sai ta miƙo mini na'urar da hannu biyu ta ce, "Malam, ai ita ce ta faɗa." Kuma gaskiyarta, na'urar ba ta yi kuskure ba. Ita tana auna kusurwa ne daga gabas tana juyawa ta wajen arewa, alhali alƙiblar da jarrabawa ke nema daga arewa ake fara ta, a bi yadda hannun agogo ke tafiya. Na sa ta zana gicciye a bayan littafinta, ta ja layin tafiyar, nan take ta ga cewa mutumin ya fi kusa da arewa, don haka kusurwarsa ba za ta kai 45 ba. Sai bayan haka na nuna mata cewa idan ta fara shigar da na arewa kafin na gabas, 36.87 zai fito kai tsaye, in kuma amsar ta zo da alamar ragi sai ta ƙara 360. Da na fara da wannan dabarar, da ta haddace ta kawai, ta manta ranar jarrabawa.

Na san akwai malaman da ke hana taɓa kalkuleta a wannan darasi gaba ɗaya, kuma na fahimci tsoronsu, tunda a takardar da ake nuna aiki WAEC tana ba da maki ne a kan matakai, ba amsar ƙarshe kaɗai ba. Duk da haka ban yarda da hanin ba, domin yaron zai shiga ɗakin jarrabawa da ita ko mun so ko mun ƙi. Gara mu ware darasi ɗaya ko biyu mu koya masa ya zana, ya yi aikin da hannunsa, sannan ya duba da na'ura, ya kuma saba kallon saman allo ya tabbatar D ce a wurin, wato awon kusurwa da digiri, ba R ta radiyan ba, don kada 53.13 ta koma masa 0.927.

Iyaye kuma, kafin ku biya kuɗi a kasuwa, ku sa yaron ya danna MODE a gabanku ya ga ko akwai sashen bekta, domin ba kowace kalkuleta ta kimiyya ke da shi ba. Ku kuma saya masa da wuri, ya yi watanni yana aiki da ita, maimakon aron ta ɗan maƙwabta ana gobe jarrabawa.

Wassalam,
Wani malamin lissafi,
Aboabo, Kumasi.