Darasin Tafiyar Kieren Fallon Amurka: Mahayi Ba Ya Cin Tsere Sai da Doki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani al'amari na sukuwar dawaki da ake yawan yi wa gurguwar fahimta, wato abin da ke sa babban mahayi, wanda duniya ta san sunansa, ya ɗauki sirdinsa ya bar ƙasar da ya yi suna ya koma hawa a wata ƙasa. Duk lokacin da haka ta faru, abin da ake ji a bakin masu sharhi bai wuce biyu ba: ko a ce ƙarfinsa ya ƙare ya gudu don kada a ga kasawarsa, ko a ce kwaɗayin kuɗi ne ya ja shi. Labarin Kieren Fallon, mutumin Ailan da ya koma Amurka a 2015, ya isa ya nuna cewa maganar ta fi haka zurfi.

An haifi Fallon a 1965 a gundumar Clare ta ƙasar Ailan, ya ƙaura zuwa arewacin Ingila a 1988, ya yi shekaru yana hawa a ƙananan filaye kafin mai horar da dawaki Henry Cecil ya ɗauke shi babban mahayin bargarsa a 1997. Daga wannan shekara zuwa 2003 ya zama zakaran mahayan Birtaniya har sau shida, kuma ya ci tseren Derby na Epsom sau uku: a kan Oath a 1999, da Kris Kin a 2003, da North Light a 2004. Wanda ya taɓa kallon hawansa ya san yadda yake haƙuri a tsakiyar dawaki har sai ya hango ɗan tsagin da zai kutsa, sannan ya duƙa ya tura doki da dukkan jikinsa. A zamaninsa ba a sami wanda ya fi shi ƙarfi a ƙarshen tsere ba.

Abin da nake so masu karatu su lura da shi shi ne sunayen da ke bayan waɗannan nasarori. Cecil ne ya horar da Oath, Michael Stoute ne ya horar da Kris Kin da North Light, sannan daga 2005 Fallon ya koma bargar Aidan O'Brien da ke Ballydoyle, wadda ke riƙe da dawakin masu gonar kiwon dawaki ta Coolmore. Mahayi ba shi da doki ko ɗaya nasa. Mai doki ne ke saye, mai horarwa ne ke zaɓen wanda zai hau, shi kuwa mahayi abin da yake samu shi ne ladan hawa da ɗan kaso daga kuɗin kyauta idan ya ci. Saboda haka ranar da manyan barguna suka daina kiransa, lissafin nasarorinsa zai faɗi ko da hannunsa bai canja ba, kuma faɗuwar lissafin ita ce hujjar da sauran masu horarwa za su riƙe su ma su ƙi kiransa. Haka abin yake ci gaba da cin kansa har mahayin da ya saba hawan zakaru ya wayi gari yana tuƙa mota ta sa'o'i don ya hau doki ɗaya da ba wanda ke sa ran zai ci.

Ba zan ɓoye laifin Fallon ba, domin yana da hannu dumu-dumu a abin da ya same shi. Hukumar sukuwa ta Faransa ta dakatar da shi wata shida a ƙarshen 2006 bayan an sami alamar hodar iblis a gwajin da aka yi masa, sannan a watan Janairun 2008 ta sake dakatar da shi wata goma sha takwas saboda maimaita laifin. Wannan hukunci ya dace da shi, kuma duk mai son dawaki ya san haɗarin da ke cikin mutum ya hau dabba mai gudu irin wannan a tsakiyar 'yan uwansa alhali hankalinsa ba cikakke ba ne. Amma akwai wani ɓangare da ba a cika ambata ba. A 2006 aka tuhume shi da haɗa baki wajen yin maguɗi a tsere, aka hana shi hawa a Birtaniya tun kafin a fara shari'a, kuma da aka zo kotun Old Bailey a Landan, alƙali ya kori ƙarar a watan Disambar 2007 saboda babu hujjar da za ta sa a ci gaba. Kwana ɗaya kafin a buɗe wannan shari'a, ya ci tseren Arc de Triomphe a filin Longchamp na birnin Paris a kan Dylan Thomas, inda ya tsere wa Youmzain da tsawon kan doki kawai. Mutumin da zai iya tattara hankalinsa ya yi irin wannan hawa ana gobe zai tsaya gaban alƙali, ba za a ce gwanintarsa ta ƙare a lokacin ba. Abin da ya ƙare shi ne amincewar masu dawaki, kuma kotu ba ta da ikon mayar masa da ita.

Da ya dawo a watan Satumbar 2009 yana da shekara 44, kujerun da ya bari duk an cike su. Ryan Moore ya riga ya zama mahayin Stoute, O'Brien kuma ya ɗauki Johnny Murtagh. Mai horarwa Luca Cumani ya riƙe shi na 'yan shekaru, ya kuma ci tsere da dama, sai dai manyan dawakin da ke cin manyan kofuna suna ƙarƙashin wasu.

Tseren 2000 Guineas na 2014 a Newmarket shi ne ya fi fito da wannan magana fili. Mai horarwa Richard Hannon ya shigar da dawaki fiye da ɗaya, babban mahayin bargarsa Richard Hughes ya zaɓi Toormore, aka ba Fallon Night of Thunder, dokin da 'yan caca suka sa wa farashin 40 a kan 1 saboda ba su ga alamar zai ci ba. Ana dab da ƙarshe dokin ya karkace hagu, ya ratsa faɗin fili kamar zai zubar da nasarar da ke hannunsa, amma Fallon bai saki linzami ba kuma bai daina tura shi ba, har ya tsallake layi gaban Kingman da rabin tsawon doki, dokin da ake kira Australia kuma, wanda ya ci Derby bayan wata ɗaya, ya zo na uku. Fallon yana da shekara 49 a ranar. Da dokin ya sake fita a Ascot a watan Yuni, Hughes ne a bayansa. Ban ga laifin Hannon ba, tun da yana da mahayin da ya ɗauka aiki, amma ina roƙon mai karatu ya sa kansa a matsayin mutumin da ya ci ɗaya daga cikin manyan tsere biyar na Ingila, sannan aka nuna masa cewa hakan bai sa ya cancanci hawa na gaba ba. Bayan shekara ɗaya ya tafi Kalifoniya.

Amurka tana da abin da ke jan tsohon mahayi. A can mahayi yana zama a fili ɗaya, kamar Santa Anita da ke Kalifoniya, ya yi watanni yana hawa a wurin, ba ya yawon garuruwa kullum yadda ake yi a Birtaniya. Yana da wakili da ke zagaya barguna da safe yana nemo masa dawaki, kuma idan ya ci yana karɓar kashi 10 cikin ɗari na abin da mai doki ya samu. Sai dai hawan ya sha bamban. Yawancin tseren a kan ƙasa ake yi maimakon ciyawa, filayen duk zagaye ne da ake bi ta hagu, ana fita da gudu tun daga ƙofa, kuma wanda ya yi jinkiri ƙasar da kofatan na gaba ke watsowa ce za ta cika masa fuska. Haƙurin da ya sa Fallon ya yi fice a Epsom ba shi ne abin da masu horarwa na Kalifoniya ke nema ba, kuma su ma suna da mahayansu da suka saba da su.

Ƙaura irin wannan ta taɓa yi wa wasu rana. Steve Cauthen, ɗan Amurka, ya ci manyan tsere uku na Amurka a kan Affirmed a 1978 yana ɗan shekara 18, sannan ya yi hawa 110 a jere ba tare da nasara ba, jikinsa kuma ya fara nauyi. Ya koma Ingila a 1979, inda aka fi sassauci wajen nauyin mahayi, ya zama zakara sau uku, ya ci Derby a 1985 da 1987. Frankie Dettori kuwa ya koma Santa Anita a ƙarshen 2023, bayan ya ci Champion Stakes a Ascot a kan King of Steel, don haka ya isa da sunansa da zafinsa, kuma a watan Maris na 2024 ya ci Santa Anita Handicap a kan Newgate na bargar Bob Baffert. Cauthen ya tafi da ƙuruciya, Dettori ya tafi ana rububin nemansa. Fallon ya tafi yana da shekara 50, babu babbar barga a bayansa, kuma, kamar yadda aka gano daga baya, ba shi da lafiya.

Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna. Ya koma Ailan a 2016 yana hawa wa Michael O'Callaghan, kuma a watan Yuli aka sanar da cewa ya ajiye bulala saboda matsananciyar damuwa. Babban likitan hukumar sukuwa ta Ailan na lokacin, Adrian McGoldrick, ya bayyana cewa ciwon ya kai kusan shekara uku a jikinsa ba a gano shi ba, a Ingila da Amurka duka. Ke nan lokacin da ake rubuta cewa ya rasa ƙwazo, ko ya tafi neman kuɗi, mutumin yana ɗauke da ciwo ne da babu wanda ya duba. Sana'ar kanta tana da hannu a ciki, domin babban mutum ne ake buƙatar ya riƙe nauyinsa tsakanin kilo 52 da 57 shekara da shekaru, da yunwa da zufar ɗakin turiri, ga faɗuwa daga doki, kamar wadda Fallon ya yi a Ascot a 2000 da ta kusa raba shi da amfanin hannunsa na hagu. Hukumomin da suka iya gano ƙwaya a fitsarinsa har sau biyu, ya kamata a ce sun iya gano halin da zuciyarsa ke ciki tun kafin ya ƙetare teku.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne idan labarin wani babban mahayi da ya bar ƙasarsa ya zo shafinku na wasanni, marubutanku su bincika su gaya mana wace barga ce ta sake shi, wa ya gaje shi, dawaki nawa ake ba shi a mako kafin ya tafi, da kuma ko hukumar da ta ba shi lasisi ta duba lafiyarsa. Fallon ya bar fage da nasara sama da dubu biyu a Birtaniya da manyan tseren Ingila 16, ɗansa Cieren kuma ya zama zakaran masu koyon hawa a 2019 da 2020, a ƙarƙashin hukumomi da dokokin da mahaifinsa ya yi aiki da su.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naka,
Mai karanta jaridarku, kuma masoyin sukuwa.