Rahoton Ayyukan Shekara: Yadda Nod Ke Aiki a Layukan Talabijin na Kebul

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, manyanmu a sana'a, da sauran 'yan uwa membobi.

Kamar yadda babban taron bara ya tsayar, kwamitin gudanarwa ya ba da ƙarfinsa bana kan nod, akwatin nan da ke karɓar haske daga wayar faiba ya mayar da shi sigina a kan wayar kebul. Gidaje da yawa a ƙasar nan dish suke kallo, amma otal-otal da rukunin gidaje masu rarraba tashoshi daga ɗaki guda sun fara jan faiba, kuma daga can ake yawan kiran membobinmu gyara.

Bitar da muka gudanar ta fi tsayawa kan hasken da ke shiga nod. Galibinsu an ƙera su ne don su karɓi haske kusa da 0 dBm, wato ma'aunin ƙarfin haske. In haske ya ragu da dB 1 (dB ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfi ne), siginar da ke fita takan ragu da dB 2, sai fa in akwatin na da AGC, tsarin daidaita ƙarfin sigina da kansa, mai cike giɓin, shi ma yana da iyaka. In kuma haske ya yi yawa, idon nod ɗin ya ƙoshi, hoto ya riƙa tsinkewa, mai gida ya ɗauka sigina ce ta yi ƙasa. Mun kuma bi bambancin tsawon zangon haske iri biyu da ake turawa cikin faiba: 1310 nanomita na asarar kusan dB 0.35 a kilomita, 1550 kuwa kusan dB 0.2, kuma ita ce na'urar ƙara ƙarfin haske da ake kira EDFA ke iya ƙara wa ƙarfi. Sai dai 1550 ba ta jure lanƙwasa, don haka masu naɗe rarar waya su cusa a kwana su kiyaye.

Rahotannin gyara da membobi suka kawo sun nuna abin da kwamiti ke ganin shi ne babban darasin bana: nod da yawa da aka cire da sunan sun lalace lafiyarsu ƙalau. Laifin yana bakin konekta. Cibiyar faiba, inda haske ke bi, faɗinta bai wuce maikuron 9 ba (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙurar hunturu ƙwaya ɗaya ta isa ta tare hanya. Sai kuma haɗa koren konekta da shuɗi. Koren, wato APC, bakinsa a karkace yake da digiri 8, shuɗin a miƙe; in aka gwama su haske ya zube, wani lokaci bakin ma ya karce. Har yanzu wasu manya na yin wannan, ba yara kaɗai ba. Zafin rana kan akwatin da aka kafe a fili da hawa da saukar wutar lantarki su ne suka biyo baya.

Hanyar dawowa, wato wadda sigina ke bi daga gida zuwa cibiyar rarrabawa, mai zango 5 zuwa 65 MHz a tsarin Turai da 5 zuwa 42 a na Amurka, mun taɓa ta sama-sama, tunda kaɗan ne cikin wuraren da muke aiki ke tura intanet ta DOCSIS, tsarin tura intanet a kan wayar kebul.

Ƙungiya ta samar da mitar auna haske da alƙaluman goge konekta, ana aro a ofis bayan sa hannu. Injin ɗinke faiba bai samu ba saboda kuɗin wata-wata bai shigo yadda ake fata ba. Ma'aji zai karanta dalla-dalla a taro. An kuma wajabta cewa kada wani ya leƙa bakin faiba da ido, domin hasken ba ya ganuwa amma yana illa.

Shawarar kwamiti ga shekara mai zuwa: kowane memba ya rubuta awon haske da na MER, wato ma'aunin ingancin sigina, ranar da ya kafa nod, ya manna a cikin murfi. Za a kaɗa ƙuri'a kan wannan da batun ƙarin kuɗin wata a babban taro mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa